Igiyar da Muka Ja da Malam

Azumin bana ya zo mana a tsakiyar zafi, irin zafin Jalingo wanda tun da hantsi duwatsun bayan gari suke fara huci. Jiya da azahar ina zaune a gindin gwaibar tsakar gida, bakina ya bushe ƙamas, sai iska ta kwaso wata farar leda ta maƙala min a ƙafa. Na ɗauka zan yar. Ban san sa'ad da yatsuna suka yage gefenta suka fara ja ba. Tana miƙewa tana sirancewa, ni kuma hawaye yana zubo min. Shi ya sa na ce wa 'yata Halima in ta taso daga makarantar da take koyarwa ta zo min da takarda da biro. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ki rubuta yadda na faɗa, Halima. Kada ki gyara min magana, kada kuma ki ce in daina kuka.

Azumi zagayawa yake yi, sai ya shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo inda ya bari. Wancan karon da ya faɗo a irin wannan zafin kina goye a bayana, babanki kuma yana da rai. Ba zan kira sunansa ba. Ban kira ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Malam nake ce masa, shi kuma yana ce min Dudu.

A gidan nan muke, nan unguwar Sarkin Dawaki, amma lokacin ɗakin ƙasa biyu ne da zana. Malam dako yake yi a Kasuwar Jalingo, yana sauke kaya daga manyan motoci. Daminar da ta wuce ta ɗauke da wuri, masarar gonarmu ta tsaya ba ta cika ido ba, ramar da muke shukawa a gefe don igiya ko gwiwa ba ta kai ba. Kafin watan azumi ya tsaya rijiyarmu ta fara ja da baya. Da fari gugan yana fitowa rabi. Daga baya ya koma fitowa da jan ruwa mai kauri, sai an ajiye ya kwanta. Ran nan ya fito da laka zalla.

Ga yadda wuni yake tafiya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwon jiya, in akwai. Ana idar da sallar asuba in goya ki, in ɗauki tulu, mu bi hanya da matan unguwa zuwa kogin Lamurde. Kogin ya zama yashi. Kowace ta tona raminta da hannu da ƙoƙo, ta zauna tana jiran ruwa ya tsattsafo. Sai ki ga mata reras a kan yashi ba mai magana, kowa ta zuba wa ramin gabanta ido. Kafin tulu ya cika rana ta ɗaga, yashin ya fara cin tafin ƙafa. In dawo, in juye a randa, in koma. Sawu biyu, wani lokaci uku. Ruwan da na wanke ki da shi, shi zan wanke kwanuka, shi zan zuba wa gwaiba. Ga ruwa a kaina yana jiƙa min wuya, ga maƙogwarona kamar an cusa ƙaiƙayi.

Malam ya leƙa rijiyar ya ce ruwan yana nan a ƙasa, gaba biyu ya rage a ƙara tonawa, kuma shi zai shiga da kansa. Shiga ba wuya, akwai ramukan taka ƙafa a jikin bango. Igiya ce matsalar. Mai yasar rijiya yana can ƙasa, bokiti cike da laka da duwatsu yana hawa ta saman kansa. In igiya ta tsinke ba inda zai kauce. Tamu ta rama ta riga ta ruɓe, ƙulli a kan ƙulli. Ta kasuwa kuwa ba a maganarta, don abin da ya samo a wuni a hatsi yake ƙarewa.

Wata ranar sai ga shi da ƙunshi a hammata. Buhun takin zamani akwai wata leda mai kauri a cikinsa, wadda take tsare takin daga laima. In an juye taki yar da ita ake yi. Ita ya tattaro. Ya zube a gabana ya ce, "Dudu, ke da kullum kike cika min kunne cewa kakarki ta koya miki kaɗi a garinku Mutum Biyu, to ga audugar Bature. Kaɗa mana igiya."

Na ce, "Malam, azumi ne ya hau maka kai?"

Ya ce, "Ya hau, amma bai kai inda rijiya ta kai ni ba."

Gaskiya ne na iya kaɗi. Tun ina 'yar ƙarama kakata ta zaunar da ni da mazari da taskira da alli. Abin da take nanata min shi ne gashin auduga gajere ne, in ba ki murɗa shi sosai ba ba ya riƙe ɗan'uwansa. Ƙarfin zare a murɗi yake. Da wannan na tashi, ban san wani abu bayansa ba. Don haka na wanke ledar da ragowar ruwan wanki, na sa reza na tsaga ta faɗin yatsa biyu, na ɗora a cinya na murɗa iya ƙarfina. Kwana uku ina tufka. Igiya ta fito fara sol, mai kauri, har ina ɗaga ta ina nuna wa maƙwabciyata Maman Ladi ta kan zana.

Maman Ladi 'yar Mumuye ce, mijinta yana gadi a wani ofis. Ba ta azumi irin namu, amma rijiya ɗaya muke sha, kuma a gabana ba ta taɓa kai ƙoƙo baki da rana ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta zagayo ta taɓa igiyar ta ce, "Maman Halima, wannan igiya ya yi kyau kamar na kanti. Amma kyau ba ya ja ruwa fa. Gwada shi tukuna kafin mijinki ta shiga."

Muka cika bokiti da yashi muka zura. Tun bai yi nisa ba na ji igiyar tana tafiya a hannuna alhali ban sake ta ba. Tana ƙara tsawo, tana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Sai ɗas! Muka ji bokitin ya daki ƙasan rijiya. Maman Ladi ta riƙe ciki tana dariya, ta ce, "Da kan Malam ce wannan, yau mun ci gumbar zaman makoki." Ni ban yi dariya ba. Na shiga ɗaki na kifa kai.

Bayan an sha ruwa Malam ya ɗauki guntun da ya rage yana jujjuyawa. A daidai inda na fi murɗawa ta tsinke. Amma kusa da wurin akwai silin da ya miƙe ya zama siriri, ya yi tauri kamar jijiya. Ya sa haƙori, bai yanke ba. Ya naɗa a hannu biyu ya ja har ya shiga masa fata, bai tsinke ba. Ya ce, "Dudu, abin nan ba auduga ba ne. Shi dogo ne tun asali, ba murɗi yake nema ba. Ja yake so. Dubi inda ya gama miƙewa, nan ƙarfinsa yake. Mu ja shi tun a waje ya gama abin da zai yi, kafin ya je ya yi mana shi a cikin rijiya."

Ba rana ɗaya muka gane kansa ba. Muka ja da sassafe, ledar da sanyi a jikinta, ta tsinke. Muka fizga da sauri, ta tsinke. Sai da muka shanya ta a kan zana rana ta dake ta ta yi laushi, muka ja a hankali, sannan ta ba da kai. Wato lokacin aikin shi ne tsakar rana, sa'ad da mai azumi yake neman inuwa ya kwanta. Lokacin ne kuma kasuwa take lafawa, don haka kullum da an yi azahar sai Malam ya taho gida.

Kowa ya naɗa nasa bakin ledar a ɗan kara. Mu tsaya fuska da fuska a tsakar gidan nan, mu fara ja da baya, taku ɗaya, taku ɗaya. Sai ki ga wani wuri a tsakiyar ledar ya shaƙe ya yi wuya, wuyan nan ya riƙa tafiya yana cin faɗin, rabi ya nufo ni, rabi ya nufe shi. Abin da tsawonsa gaba guda ne sai ya koma wajen gaba huɗu. Can sai ya tsaya. Ba da ido ake ganewa ba, a wuyan hannu ake ji, kamar abin ya ce ya isa. In ɗaya ya ji ɗaya bai ji ba ya ƙara taku, an yi asarar sili. Dole ku ji tare.

Ba ma magana, don ba yawun yin ta. Gumi yana bin gemunsa yana ɗiga a ƙirji. Ke kin san tarbiyyarmu, mace ba ta tsura wa mijinta ido da rana tsaka, ko da ba kowa. Shekarunmu shida da aure a lokacin, ban taɓa kallon fuskarsa na daɗe ba sai a kan ledar nan, don dole in kalle shi in san takunsa. A nan na san yana da ɗan tabo a gefen gira. A nan na san in abu ya kusa yi masa daidai yakan ɗan ciji leɓe. Wani lokaci in silin ya tsaya sai ya ɗan girgiza nasa bakin silin, in ji motsin ya iso hannuna, ya yi kamar ba shi ba. Ina jin yunwa, ina jin ƙishi, tafin ƙafata duk ya faffashe, amma wallahi Halima da za a ce in zaɓi sa'a ɗaya a rayuwata a maido min, waccan zan zaɓa.

Da la'asar in haɗa silin da muka ja, da yawa a wuri ɗaya, in tufka uku. Hannuna ya saba da auduga, sai ya riƙa zarcewa. Malam ya ce, "Kaɗan dai, Dudu. Don su san juna kawai."

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Rubuta shi.

Saura kamar gaba ɗaya da rabi igiya ta cika, ranar motoci suka shigo kasuwa da yawa, Malam bai dawo da azahar ba. Ni kuma sawu uku na yi Lamurde, kin kwana biyu kina zawo saboda ruwan yashin nan. Na ce a raina yau sai igiyar nan ta ƙare. Na jira har inuwa ta rufe tsakar gida, ledar ta huce. Na ɗaura ɗaya bakin ledar a jikin gwaiba na ja ni kaɗai. Ledar da ta rage ba yawa, ina tsoron in tsinka, don haka kowane sili tun bai tsaya ba nake tsayawa. Na sani sarai bai gama ba. Na haɗa, na ƙara masa murɗi don ya yi kama da sauran. Da Malam ya dawo gab da magariba a gajiye na ce igiya ta cika. Ya ce, "Sannu, 'yar Mutum Biyu." Bai duba ba, don bai taɓa tunanin sai ya duba aikina ba.

Na lallashi kaina da cewa ai ƙarshen igiya ne. Zan bar shi a sama, a naɗe a jikin gwaiba, nauyi ba zai taɓa bi ta kansa ba.

Malam ya fara tono. Yakan shiga bayan asuba da dagi da ƙaramin shebur, ya fito da hantsi ya tafi kasuwa. Ni ce a bakin rijiya ina jawo bokiti, Maman Ladi tana bayana tana karɓar igiya tana zagaya ta a gwaiba. Igiyar ta yi abin da ake so. Bokiti cike da duwatsu, ko gezau. Abin da ban lissafa ba shi ne, kullum ya ƙara zurfi sai mun ƙara sakin igiya. Ranar farko wurin nan da na ja ni kaɗai yana jikin gwaiba. Rana ta biyu ya baro ta. Ina gane shi, ya fi sauran kauri, ya fi su dusashewa. Ta uku ya iso bakin rijiya. Na koma durƙusawa ina miƙa hannu ciki don in kamo ta ƙasansa.

Maman Ladi ta ce, "Ke, me ya sa kana zura kai haka? Za ka faɗa a kan mijinki, ni ba zan iya ciro mutum biyu ba."

Kullum da sahur nakan ce yau zan gaya masa. In buɗe baki, in ga yana tauna tuwo da ƙyar, in tuna yadda ya ce min sannu, sai in ce masa ƙara miya.

Rana ta huɗu wurin ya shige ciki gaba ɗaya, hannuna bai kai ƙasansa ba. Bokiti biyu suka fito lafiya, amma na ji wurin ya ɗan ba da kai. Sai muryarsa ta taso daga ƙasa: "Dudu! Ƙasa ta yi sanyi! Laka ce mai ruwa!" Maman Ladi ta rangaɗa guɗa. Ya ƙi fitowa da hantsi, ya ce bari ya ƙarasa. Rana ta take. Can na ji dagi ya yi shiru. Na kira. Ya amsa da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce numfashi yana yi masa wuya, kansa yana juyawa, zai kwance bokitin ya ɗaura igiyar a ƙirji, mu riƙe shi ya hau.

Na ce, "Malam, igiyar nan..." Ban ƙarasa ba. Me zan ce wa mutumin da yake ƙasan rami, ba shi da wata igiyar?

Ya fara hawa muna karɓa. Sabon wurin da ya tona jiƙaƙƙe ne, ramukan ƙafar ba su yi ƙwari ba. Wurin nan nawa ya iso daidai gabana, ina ganinsa, saura kaɗan ya shigo hannuna, sai ƙafarsa ta zame. Nauyinsa duka ya sauka a kan igiya. Ta fizge ta cikin tafina ta kwashe fatar, Maman Ladi ta faɗi zaune ta tokare gwaiba da ƙafa tana ihu da yarensu. Ni kuwa idona yana kan wurin. Na ga ya shaƙe ya yi wuya, irin wuyan da muke gani a tsakar gida. Ya fara tafiya. Yana miƙewa, yana sirancewa, mijina yana sauka a hankali cikin duhu, kina bayana kina tsala kuka. Ba addu'ar da ta zo bakina sai kalma ɗaya, tsaya, tsaya, tsaya.

Ta tsaya. A wuyan hannuna na ji, kamar kullum. Abin da na hana ta ƙarasawa a jikin gwaiba ta ƙarasa shi da nauyin babanki, Allah kuma ya sa ta ƙarasa ba ta tsinke ba.

Ihun Maman Ladi ya tara maza, aka jawo shi. Suka kwantar da shi a nan inda nake zaune, laka har gira. Maman Ladi ta ɗebo ruwan randata ta kwara masa a ka, ta kai masa ƙoƙo baki. Ya kau da kai. Ta ce, "Sha, Malam! Allah ta ga aikin da ka yi, ba sai ka mutu ka je ka gaya mata ba." Ya yi dariyar da ba ƙarfi, ya sha. Bayan salla ya rama.

Washegari da asuba muka leƙa, ga ruwa ya taru yana ƙyalli. Gida biyar suka sha rijiyar nan har ruwan sama ya sauka. Zawonki ya tsaya. Ban sake zuwa Lamurde da tulu ba.

Da yammar ranar yana zaune yana naɗe igiyar a gwiwar hannu, ni ina dama kunu da hannu ɗaure da tsumma. Na ga yatsansa ya iso wurin ya tsaya. Ya shafa shi sama, ya shafa ƙasa. Wurin ya zama siriri kamar ɗan yatsana, murɗin ya yi masa yawa, kowa ya gani ya san ba aikinmu ba ne. Bai ɗago kai ba ya ce, "Dudu, nan da wa kika ja?"

Na ce, "Da gwaiba."

Ya ƙarasa naɗe igiyar ya ajiye. Sannan ya ce, "Gwaiba ba ta san inda ake tsayawa ba. Wani karon ki jira ni."

Shi ke nan. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ko a cikin faɗa. Ni ma ban taɓa ce masa ya yafe min ba. Kullum ina ganin akwai lokaci.

Igiyar ta yi mana shekaru. A ɗaki muke ajiye ta, don ranar da take tausasa leda ita ce kuma take cinye ta in an bar ta a waje, sai ta koma tana marmashewa. A ƙarshe haka ta tafi. Yanzu an rufe rijiyar da siminti, mai ruwa yake turo mana jarkoki har ƙofa. Igiya kuwa ga ta nan a kasuwa, shuɗiya da ja da ruwan ɗorawa. Kin taɓa ce min a inda ake yin ta ma haka inji yake yi, sai ya ja zaren da ɗumi ya miƙe kafin a tufka, in ba haka ba ba ya ƙarfi. Na ji daɗin maganar nan. Malam bai taɓa shiga aji ba, da haƙorinsa ya gano.

Maman Ladi ta koma ƙauyensu ta rasu a can. Malam kuwa damina bakwai ke nan da rasuwa. Zazzaɓin kwana huɗu, ina kicin ina dama masa kunu aka ce in zo. Shi da ya ce in jira shi, shi bai jira ni ba.

Jiya da na gama kukan na ɗaura ledar nan a jikin gwaiba na ja. Ta miƙe, ba ta ƙi ba. Amma ba wanda ya girgiza min ɗaya bakin.

Ajiye biron haka, Halima. Ga wata leda can a kan igiyar shanya tun hantsi, ta sha rana ta yi laushi. Ɗauko, ki naɗa bakin a kara, ki tsaya can inda inuwa ta ƙare. Nan babanki yake tsayawa. Kada ki kalli ledar, ni za ki kalla. A hankali, taku ɗaya. In kin ji ta tsaya, ki ɗan girgiza min.